Ƙunshin da Ya Zaunar da Ni Wata Guda a Tungan Maje

Asabar: Funtuwa zuwa Tungan Maje

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, Malam maigidana ya raka ni tasha, ina riƙe da ƙullin daddawa da kuka, tsarabar jikoki. Dalilin tafiyar wata tawadar Allah ce a tafin ƙafata ta hagu. Tun ina yarinya take nan kamar ƙwayar gero, sai bara ta fara faɗi har ta kusa ƙwayar wake. Bilkisu, 'yata ta uku mai aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, ta gan ta da ta zo sallah. Ta ce irin wannan in ta canza, wani lokaci ciwon daji ne na fata, in aka yi jinkiri har ƙafa ake rasawa. Wannan maganar ce ta fito da ni.

Tun ranar Alhamis na sa Talatu maƙwabciyata ta yi mini ƙunshi, sau biyu ta maimaita har lallen ya yi baƙi ƙirin. Ai ba a shiga gidan suruki da ƙafa fara fat.

Mota ta cika shida da minti goma. Direban ya kalli ƙafata ya ce, "Hajiya, wannan ƙunshi haka, biki za a je?"

Na ce, "Asibiti za ni, ɗana."

Ya ce, "To Allah ya sa likitan ma ya yaba."

Mun wuce Zariya bakwai da rabi, muka karya da ƙosai da kunu a Kaduna. Sau uku jami'ai suka tsayar da mu, su leƙa, direba ya ce "Oga, sannu da aiki," mu wuce. Ƙarfe ɗaya saura muka sauka Zuba. Bilkisu na jirana, minti kaɗan muka isa gidanta a Tungan Maje. Ita ma sai da ta yaba ƙunshin, ba ta kawo komai a ranta ba.

Litinin: Gwagwalada

Bakwai na safe muka yanki kati a babban asibiti, sha ɗaya aka kira ni. Likitar fata wata mace ce mai fara'a, ba Bahaushiya ba, amma tana jin Hausa. Na cire takalmi na miƙa ƙafa. Ta haska da 'yar fitila, ta juya, ta sake haskawa, sai ta yi dariya.

"Mama, ina abin yake?"

Na nuna da yatsa. Ni kaina sai da na laluba.

Ta ce, "Launinsa nake son gani, da bakin iyakarsa. Kin shafe mini duka. Ta ina zan san inda zan yanka?"

Bilkisu ta dafe kai. "Umma, ƙafar da za a duba ita aka yi wa kwalliya!"

Kunya ta kama ni. Na ce bari na koma na goge da dutse da lemon tsami. Likitar ta ce a'a, kada dutse ya taɓa wurin, a bar lallen ya koɗe da kansa, na dawo bayan mako biyu. Na tambaye ta ko mako biyun zai iya jawo mini rasa ƙafa. Ta ce ba ta zaton haka, amma kada na ƙara ko kwana ɗaya a kai.

Zaman jira

Ban taɓa zama ina addu'ar ƙunshi ya goge ba sai wannan karon. Kullum da safe Bilkisu sai ta ɗaga ƙafata ta duba kafin ta tafi aiki. Ni kuma na samu abin yi: na koya wa jikoki cin tuwon dawa da miyar kuka, wata Bafulatana mai kawo nono ta zama ƙawar hirata. Malam ya bugo waya ya ce, "An ce Talatu ta fi likitocin Abuja ƙarfi."

Komawa Gwagwalada

Wannan karon tawadar ta fito sarai. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka yanke ta duka da ɗan gefenta, aka yi ɗinki huɗu. Nas ta saka tsokar a 'yar kwalba mai ruwan magani, ta liƙa takarda. Na ce ta miƙo mini. Na karanta sunana da kaina, harafi bayan harafi, na ga daidai ne, sannan na bari aka tafi da ita ɗakin gwaji. Can ne, in ji nas, ake yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a rina, a duba da madubin da ke girmama abu.

Kwana goma sha biyu muka jira. Ranar karɓar sakamako ban iya karyawa ba. Likitar ta buɗe takarda ta karanta a hankali, ta ɗago.

"Mama, ba ciwon daji ba ne. Tawada ce kawai, kuma an cire ta gaba ɗaya."

Na ce alhamdu lillahi sau uku. Bilkisu kuwa kuka ta fashe da shi, ni ce ma na koma rarrashinta. Likitar ta nuna mini hoton abin da mai gwajin ya gani: ja-ja da shuɗi-shuɗi, sai ka ce zanen atamfa. Ta ce na riƙa duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, don mu baƙar fata nan ne mugun yakan ɓuya.

Lahadi: Utako zuwa gida

Mijin Bilkisu ya kai ni tashar Utako shida da rabi, don na samu kujerar gaba na miƙe ƙafa. Bakwai muka tashi, biyu da kwata ina tsakar gidana. Na gode wa Allah, na gode wa Bilkisu da mijinta, da likitar, da mai gwajin da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Da yamma Talatu ta shigo barka, har da kwanon lallenta, wai tabon ɗinkin za ta rufe mini. Na ce ta ajiye tukuna, ta zauna ta cire takalmi.

Ta ce, "Ni kuma? Me na yi?"

Na ce, "Miƙo ƙafar. Daga yau a gidan nan sai an duba kafin a ƙunsa."