Yarinyar da Aka Yaba wa Ladabi

A duk shekarun da na yi ina riƙe da alli a firamare a Tambuwal, ban ga darasin da yara ke ƙi kamar na gaisuwa ba. Lissafi yakan shiga kai ko da kuka. Amma ka ce wa ɗan aji ɗaya ya tsuguna ya gaida babba, sai ya ɗan rage tsawo kawai, kamar gwiwar ta aro ce an ce kar ya lanƙwasa ta.

Ɗiyar ƙanena kuwa ba wanda ya koya mata. Tun da ta fara tafiya, in ta taso daga ɗakin Inna, mahaifiyarmu, za ta bakin rijiya, ba ta kai tsakiyar gida sai ta tsuguna, gwiwoyi manne da ƙirji, kai a sunkuye. Gidanmu ba a rasa babba a kowane lungu, saboda haka duk inda ta tsuguna akwai mai ɗauka shi ake gayarwa, ya amsa, ya sa albarka. Matan unguwa suka riƙa jawo kunnen nasu ’ya’yan suna nuna musu ita. Ran da ta tsuguna a gaban tunkiya, Inna ta yi dariya har da tari, ta ce ƙawarta, wato jikar tata, ta fara kai ladabi inda ba a san darajarsa ba. In leɓɓan yarinyar suka yi duhu, sai a ce ta ci ɗinya, ko da kuwa ba lokacin ɗinya ba ne.

Uwar yarinyar Bafillatana ce daga wata ruga a ƙasar Kebbe, wajen Fakku. Yarinyar ita ce ɗiyarta ta fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata a gidansu, ba ragi. Ba ta faɗin sunanta. Ba ta ɗaukarta a gaban surukai. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Inna, daga nan ta zama “ɗiyar Inna” a bakinta. Ita kuma yarinyar tana kiranta Adda, kamar wata yayarta. Mu ma Hausawa muna da wannan kunyar, amma tamu ta sha wanki ta koɗe. Tata sabuwa ce fil, kuma kowa yana yaba mata.

Wata rana da la’asar uwar ta shigo ɗakina, ta gaishe ni, ta tambayi makaranta, ta tambayi ciwon ƙafata, har na ɗauka sallama za ta yi. Sai ta ce, idonta a kan tabarma:

“Yaya, ɗiyar Inna ba gaisuwa takai ba.”

Na ce, to mi takai?

“Numfashi taka nema.”

Daga nan maganar ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Tun yarinyar tana shan mama takan saki ta huta, goshinta ya jiƙe da gumi. Daga madafi, ta kafar zana, uwar take kallonta, ta san nisan da take iya yi kafin ta tsuguna, ta kuma ga nisan yana raguwa. Ta kasa gaya wa Inna, don faɗar hakan daidai yake da cewa idonta na kan ɗiyar.

Asibitin garinmu suka tura mu Sakkwato. Likitan yara matashi ne, ɗan birni, mai hanzari. Ya tambaya wace ce uwar, Inna ta ce ita ce. Ya dubi furfurarta ya dube ni, na nuna masa wadda ke tsaye a bakin ƙofa. Duk tambayar da ya yi mata, sai ta dubi siminti, Inna kuma ta amsa da cewa lafiya lau, sai dai rashin cin tuwo. A ranar na yi aikin da ban taɓa yi ba, tafinta daga Hausa zuwa Hausa. In ya yi tambaya, in ja ta waje, ta raɗa mini, in dawo in faɗa.

Bayan an ɗauki hoton zuciyar ya zana mana ita a takarda. Ya ce akwai kafa a bangon da ke tsakiya, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma ta ƙuntata. Tsugunawar nan dabara ce da jikinta ya gano da kansa don jinin ya samu wucewa. Aikin tiyata ne maganinta, ba a kuma yin sa a nan, sai can nesa, sai an jira layi. Kafin nan ga magani, ga kuma umarni: duk lokacin da abin ya taso, a ɗauke ta, a naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji, a rungume ta har ta natsu, kuma wanda ta fi natsuwa a jikinsa shi zai yi. Ya faɗi haka yana duban uwar. Inna ta ce in sha Allah za ta yi.

Ta kuwa yi iya ƙarfinta. Amma hannun tsohuwa rawa yake, kuma in ta tsorata sai ta kama salati da ƙarfi, yarinyar ta ƙara firgita. Uwar tana tsaye a nesa da muciya a hannu. Ƙanena yana ta zirga-zirgar neman hanyar aikin, yau wannan ofis gobe wancan. Dangi suna kawo rubutu da man shanu. Kowa ya san abin da zai kawo, ni kuma na rasa, tun da abin da na iya shi ne tsara lokacin darasi.

Shi ɗin na yi. Na gaya wa Inna cewa ƙawarta ta isa fara karatu, kullum bayan la’asar a turo mini ita. Na gaya wa uwar, a gaban kowa, cewa idona ya yi rauni, ta riƙa zuwa ɗakina tana tsince mini shinkafa. In sun haɗu, sai in tuna ina da magana da maƙwabciya, in saki labule in fita. Maƙwabciyar ta sha mamakin wannan sabon zumunci, don a da gaisuwar katanga ce tsakaninmu.

Duk damanar nan tsakuwa muka ci. Ban taɓa ganin shinkafar da aka tsince da rashin kulawa irin wannan ba, ban kuma taɓa jin daɗin cizon tsakuwa irin na lokacin ba. Sau ɗaya na dawo da wuri. Daga bayan labule na ji ana rera wata waƙa da Fillanci, ƙasa-ƙasa, yarinyar tana gyara wa Adda wani wuri da ta ce ba haka aka yi shi jiya ba. Na koma wajen maƙwabciya na sake tambayarta lafiyar kajinta. Karatu kuwa, ba ta wuce baƙi na farko ba, kuma ita ce ɗalibar da ban taɓa yi wa ƙorafi ba.

Layin aikin bai zo kanmu ba. Bayan an yanke gero, wata safiya abin ya taso ya ƙi sauka. Ƙanena ya samo mota. Ya zauna gaba da direba, Inna a baya da yarinyar a cinyarta, ni a tsakiya, uwar a jikin ƙofa ta juya fuska ga tagar, kamar gonakin da ke wucewa ta zo gani.

Mun wuce Dogon Daji kaɗan yarinyar ta buɗe ido ta ce, “Adda.” Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa. Uwar ba ta juyo daga tagar ba.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, “Hannuna ya sage. Ke, amshi ɗiyarki.”

Ban taɓa jin wani ya ce mata “ɗiyarki” ba sai ranar. Ta dubi ƙeyar mijinta, ta dubi madubin direba. Na warware gyalena na rataya shi tsakanin kujerun gaba biyu. Sannan ta miƙa hannu. Ta naɗe gwiwoyin zuwa ƙirji, ta kwantar da kan a gefen wuyanta, cikin motsi ɗaya, irin na wanda hannunsa ya saba. Inna ta kalli hannun, ta kalle ni, ta ce a hankali, “Ashe shinkafar ke nan.”

Uwar ta kira sunan yarinyar. A bakinta ya fito da wani lanƙwaso na mutanen ruga, har na ji kamar ban san sunan ba. Ta yi ta maimaita shi. Kafin mu kai Shagari ta daina, ta ce wa mijinta ya gaya wa direba ya juya.

A zaman makoki ba ta zubar da hawaye ba, don ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta yi ta kai ruwa ga baƙi. Matan unguwa suka riƙa yaba mata dauriya, su ɗin dai da suka yaba wa ɗiyarta ladabi, da murya iri ɗaya. Inna suka yi wa ta’aziyya, ita kuma suka ce mata sannu da aiki.

Bayan baƙi sun watse da ’yan kwanaki, da la’asar, uwar ta ɗaga labulena da faifan shinkafa a hannu. Ba wanda ya aike ta. Ta zauna inda ta saba. Ni kuma ƙafata ta ɗauke ni da kanta, na jawo takalmi zan tafi wajen maƙwabciya. Ta kama bakin zanena.

“Zamna, Yaya.”

Na saki labulen na zauna. Ta fara ba ni labarin yarinyar, da sunanta, tun daga ranar da ta fara jin motsinta a ciki. Tana magana tana tsinta, ba ta bar tsakuwa ko ɗaya ba. Da aka kira magariba ba ta kai ga yaye ba, ta ce gobe za ta dawo da wata shinkafar.