Saura na Baya

Kayan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa mini. Ba a daɗe da kawo ni gidansu a Tawa ba maigidana ya koma Abijan, inda yake da rumfar kayan waya. Ban ga abin mamaki a ciki ba. A Kalfu inda na tashi, yawancin ƙofofin unguwarmu mata ne ke buɗe su da safe, su rufe su da yamma, mazan suna can wajen nema.

Talabijin ce ta fara isowa, a naɗe cikin bargo, a hannun wani ɗan garinsu da ya zo ganin gida. Bayan Sallah sai ga ampili, baƙin akwati mai nauyi da ke rarraba sauti. Daga baya sifikun gaba suka zo: dogaye biyu, da gajere guda mai kwanciya ƙarƙashin talabijin, da wani ƙato da ake ajiyewa a ƙasa, wanda ba ya komai sai gurnani. Duk abin da ya iso, sai maigidana ya kira ni ya ce in duba ko ya fashe a hanya. In na ce lafiya lau, sai ya yi dariya ya ce, "To, saura na baya."

Na baya su ne ƙananan sifiku biyu da ake ratayawa a bangon da ke bayan mai kallo. Kayan hannu na biyu ya saya, kuma babu su a ciki. Ya ce idan aka kafa su, ruwa in ya sauka a fim sai na ɗaga kai na duba rufin ɗaki. Ya kuma ce waɗannan ba zai ba kowa saƙonsu ba. Shi zai zo da su cikin jakarsa kafin damina, ya kafa su da hannunsa, sannan ya wuce gonarsu ta Bambeye ya yi shuka. Maganar nan na riƙe. In na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, nakan zauna a falo ba tare da na kunna komai ba, in juya kujera in kalli farin bangon nan, in zaɓa musu wuri.

Mu biyu ne a gidan, ni da Inna, mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye, ba ta karɓar waya in ya kira. Sai dai duk lokacin da wayata ta yi ƙara, shara takan taso mata a daidai ƙofar ɗakina. In na gama, sai ta jingine tsintsiya ta ce, mutanen Abijan lafiya dai? In ce lafiya lau, suna gaishe ki. Ta ce madalla, ta koma inuwarta.

Ana tsakiyar zafin bazara ya kira ni wata ranar Juma'a. Ya yi ta zancen kasuwa, cewa ta yi sanyi, kuma wanda ya saba tsare masa rumfa ya koma gida. Can ƙarshe, kamar abin da ya tuna a hanya, ya ce in duba masa na baya a nan Tawa, tunda yanzu babu abin da ba a samu. Ya ce in kula da lambar da ke rubuce a bayansu ta yi daidai da wadda ampili ke ɗauka, kada ya ƙone, kuma muryarsu ta zo ɗaya da ta na gaba. Bai ce ba ya zuwa ba. Ni ma ban tambaya ba. An koya mini lissafi da faransanci, amma ba a koya mini yadda mace ke buɗe baki ta ce wa mijinta ta ƙosa ta gan shi ba. Na ce to.

Da Inna ta tambaye ni, na ce ya ce in nemo masa na baya. Ta dube ni ta ce, "Wane na baya kuma? Na baya ai mu ne." Na yi dariya, na nuna mata bango, na yi mata bayani. Ta ce uhm, ta ɗauki tsintsiyarta.

Haka na fara yawon kasuwa. Nakan naɗe gajeren sifikan nan cikin zane, in rungume shi a kan kabu-kabu kamar jariri, don in gwada shi da duk abin da za a nuna mini. Akwai wani ɗan Damagaram mai babban shago da ya jero mini masu fitilu, ja da kore, suna walƙiya in kiɗa ya tashi. Ya ƙure sauti har gilashin kantarsa na rawa, yana mini ihu cewa ƙarfi ake nema, Madam, ƙarfi. Na fito kunnena na kuka. Na gane cewa da kiɗa ba zan taɓa bambancewa ba, domin ganga a kowane akwati ganga ce. Murya nake bukata, muryar da na sani ciki da waje.

Murya ɗaya ce tak na sani haka. A wayata akwai wani saƙonsa da babu abin kunya a ciki: sallama, gaisuwa, sai tambaya ko ana ba ragon gida dusa. Na saurare shi sau da yawa har na san inda yake jan numfashi.

A bayan kasuwa na sami wani dattijo mai gyaran rediyo, rumfarsa cike da tsofaffin sifiku a jibge har rufi. Na daɗe ina kame-kame kafin in miƙa masa wayar. Ya haɗa nawa a hagu, nasa a dama, ya saki saƙon. Da ya ji, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Maigidan ke nan? To bari mu nemo mishi maƙogwaro." Na sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba da sauke kaya yana kaɗe su.

Na farko ya sa masa mura. Na biyu ya mai da shi yaro mai siririyar murya. Wani kuma ya sa shi magana kamar daga ƙasan rijiya, irin rijiyoyinmu masu zurfi da sai an leƙa da kyau kafin a ga ƙyallin ruwa. Akwai waɗanda lambarsu ba ta yi ba tun farko, ba mu ma gwada ba. Akwai kuma wasu, ja-ja masu ƙafa, da dattijon ya ce shi kam bai ji bambanci ba. Na ce akwai, ƙarshen kalma yana yi musu kaifi. Ya ce to, kunnena ne, ba nashi ba.

Kowace yamma nakan aika wa maigidana saƙo cewa yau ma ba a dace ba. Ina aikawa ina jiran ya ce in bari, shi zai zo da su. Amsarsa ba ta canzawa: in ci gaba da nema, ni ce mai kunne.

Shamuwa ta dawo kan itatuwan unguwa. Da yamma gabas ta fara yin baƙi, iska na kawo ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Motocin kurmi, masu tasowa daga ƙasashen bakin teku, suka fara sauke mutane a tasha da manyan jakunkuna. Gidan da ke jikin namu, mijin ya iso wata safiya. Ban gan shi ba, na dai ji ƙanshin suya ya tsallako katanga, na ji an yi ta shiga ana fita har azahar. Ranar na share falo sau biyu, ban san dalili ba.

A makon ne dattijon ya aiko a kira ni. Ya ce wani ya kawo kaya daga Ƙwanni, kuma a ciki akwai 'yan gida ɗaya da nawa. Ƙanana ne, baƙaƙe, ɗaya ya ɗan kwarzane a gefe. Lambar ta yi. Ina zaune a kan bencinsa ina roƙon Allah a zuciyata su sa masa mura. Ya ce in rufe ido. Ya saki saƙon, yana mai da shi hagu, yana mai da shi dama. Na kasa kunne iya ƙarfina. Wurin jan numfashin nan ya zo, ya wuce, ban san daga wane gefe ya fito ba. Na buɗe ido na ce a ɗaure mini su.

Washegari bayan la'asar dattijon ya zo da tsani da guduma. Inna na tsakar gida a kan tabarma, tana tsince irin gero cikin ƙwarya, wanda za a kai Bambeye. Suka gaisa, ya shiga falo. Ya bi gindin bango da waya, ya buga ƙusa a daidai wuraren da na daɗe da zaɓa, ɗaya kusa da tagar da ke kallon zaure. Yana kan tsani ya ce in danna wani maɓalli a jikin ampili don dukkan sifikun su yi magana tare, in saki saƙon nan mu ji. Ban yi tunanin komai ba. Na danna.

Sallamarsa ta cika gidan. Ba daga gaba ta fito ba kamar yadda na saba; daga bayana ta zo, ta wajen ƙofa, daidai tsayin bakin mutum in yana tsaye. Ni da ke riƙe da wayar sai da na waiwaya.

A tsakar gida na ji Inna ta amsa da ƙarfi. Na ji ƙwarya ta faɗi. Sannan ta kira sunansa, sunan da tun da na zo gidan ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ɗaga labulen falo ba takalmi a ƙafarta, kallabinta ya zame. Ta ga dattijo a kan tsani da guduma, ta gan ni. Muryar kuwa ba ta tsaya ba, tana ta tambaya ko ana ba rago dusa. Yatsuna suka kasa samun wurin kashewa sai da saƙon ya ƙare da kansa.

Inna ta gyara kallabinta a hankali. Ta ce, "Ashe rediyo ce." Ta saki labule.

Dattijon ya sauko, ya tattara kayansa ba tare da ya yi ƙara ba, ya ce in wani abu ya lalace in aika. Na fita na tarar da ita a durƙushe tana kore kaji, tana tsince geron daga cikin rairayi. Na durƙusa gefenta. Muka yi ta tsinta, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta, har aka kira magariba.

Bayan mun yi salla ta kira ni tabarmarta. Ta tambaye ni ko shi da bakinsa ya ce a sayo abin nan a Tawa. Na ce e. Ta tambaya ko ya faɗi ranar zuwansa. Na ce bai faɗa ba. Ta murza carbi, sannan ta ce, "Ɗiyata, ni ba ni da bakin tambaya tai. Ke kina da shi. Mi kike jira?"

Na ɗauko wayar a gabanta na kira. Ya ɗauka cikin hayaniya, ƙahon motoci da muryoyin mutane suna ciniki da wani harshe. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an dace. Na ce an dace, sun yi daidai, har sun ruɗi mutanen gida. Ya yi dariya, ya fara tambayar ko an rataye su tsayi ɗaya. Ban bari ya gama ba. Na ce, "Yaushe za ka zo?"

Na ji ya matsa daga bakin hanya, hayaniyar ta ragu. Ya ce daminar bana ba zai samu ba. Na ce bayan girbi fa? Ya ce yana so ya ce mini e, amma ba ya son ya sake ba ni ranar da zan zauna ina jira. Ya ce bai sani ba. Muryarsa a wayar ƙarama ce, tana yankewa, ba ta kai ta cikin falo kyau ba. Na ce to, Allah ya kai mu lokacin. Ya ce in gaida mutanen gida.

Inna ba ta tambayi abin da ya ce ba, domin ta ji. Ta jawo ƙwaryar irin, ta rufe ta da faifai, ta ce gobe in na taso daga lakwal mu nemi motar Bambeye, a samo waɗanda za su yi mana shuka tun ruwa bai riga mu ba. Na ce to, Inna. Na tashi na je na nemo buhun da za mu zuba geron.