Furanni Huɗu a Matakalar Taisa

A unguwarmu ta Kyiv, kafin ka san fuskar Taisa Makarivna sai ka san muryarta. Ita ce mai zama cikin ɗan akurkin gilashi a gindin matakalar lantarki ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga jar hula a ka, ga lasifika a gaba. Aikinta ɗaya ne, ta sa ido, in wani ya faɗi ta tsayar da matakalar. Sauran duk ita ta ɗora wa kanta. Ni kuwa a bakin tashar nake sayar da soyayyen burodi mai cikin kabeji. Tun muna 'yan mata muke tare, kuma na sha gaya mata bakin nan nata sai ya kai ta ya baro.

Daga ƙauye ta zo, ta yi aikin masaƙa har aka rufe ta. Miji ya bi wata, 'yarta ɗaya tilo ta yi aure can Poland. Abin da ya rage mata a duniya shi ne akurkin nan da dariyar da take ba mutane. In ta hango saurayi da budurwa manne da juna, sai ta ce su yi haƙuri su kai gida. Mai gudu kuwa ta tambaye shi ko gadon jirgin za a raba. Akwai masu barin jirgi ya wuce don su ji wa za ta taɓa, ita kuma abin yana fasa mata kai, ba ta ɓoyewa.

Wata Asabar da safe cikin sanyi na sauka kai mata burodi. Muna hira sai ta hango wani tsoho can sama, ya ci kwat ɗinsa na zuwa coci, riƙe da furanni, ya zauna daɓas a kan matakala tana saukowa da shi. Zama a wurin haramun ne, kuma ba abin da Taisa ta tsana kamarsa. Ta jawo lasifika.

"Baba mai furanni, a miƙe. Tun da sassafe har an yi tatil? Wace budurwar ce za ta karɓi fure daga wanda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa?"

Dariya ta tashi daga ƙasa, amma na lura waɗanda ke kusa da shi ba wanda ya ko murmusa. Da matakalar ta kawo shi gabanmu sai muka ga dalili. Arsen Lukich ne, tsohon kafintan layin bayanmu, kuma furannin jajaye ne guda huɗu, ɗaure da baƙin ƙyalle. Ko yaro a garin nan ya san mai rai ana ba shi ɗaya, ko uku, ko biyar. Biyu da huɗu na makabarta ne. Ranar ce arba'in ɗin rasuwar matarsa Melaniya, gwiwoyinsa ne kawai suka ƙi shi.

Wata mata ta kama shi ya miƙe, ta juyo ta kalli Taisa ta cikin gilashi. Ni da ba ni na yi ba sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa fuskarta ta koma launin hularta.

Daga ranar bakin ya mutu. Ba wanda ya kai ƙararta, ba wanda ya zage ta, da ma an yi da ya fi mata sauƙi. Ta rame, ta daina bin layin bayanmu. Duk Asabar Arsen Lukich zai sauko da furanninsa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyaran abin da bai lalace ba. Na ce ta je gidansa ta ba shi haƙuri, ta ce da wace fuskar? Sai ta ɗora ranta kan Lahadin Yafiya da ke zuwa kafin babban azumin coci, ranar da ko maƙiyinka ka ce wa ya yafe maka, dole ya amsa da cewa Allah ya yafe, shi ma ya yafe. Kalmomin nan kaɗai take so ta ji daga bakinsa.

Ranar ba ta da aiki. Ta roƙe ni na raka ta, muka tare shi a inda ake jiran jirgi. Ta rusuna, muryar nan da ke cika tasha ta koma kamar ta sauro.

"Arsen Lukich, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta ba hula. Sai ya washe baki, ya ce ai Melaniya ba ta da gwana kamarta. Duk ran da ta dawo kasuwa sai ta kwaikwayi abin da Taisa ta faɗa, su yi ta dariya a kan miya.

"Ran nan da na isa kabarin ban san me zan ce mata ba," in ji shi. "Sai na ba ta labarin naki, har da maganar budurwar. Amma 'yata, me ya sa kika yi shiru? Yanzu haka nake zuwa mata ba labarin da zan ba ta."

Jirgi ya iso da iskarsa. Ya dafa kafaɗarta, ya yi mata godiya, ya shiga, ƙofa ta rufe. Kalmomin da ta zo nema bai faɗa ba, don shi bai ga abin yafewa ba.

Har yau tana cikin akurkin. Duk Asabar in ya sauko yakan ɗaga mata furannin yana jiran ta tsokane shi. Sai ta jawo lasifika, ta buɗe baki, amma iyakarta ta ce jama'a su riƙe madafar gefen matakala da kyau.