Malam Ja'afaru Mai Hoto, Wanda Ba Ya Fara Aiki Da Yanka

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Ja'afaru yake buɗe shagonsa da ke kallon tashar Kawo, tsakanin mai facin taya da mai sayar da kaset. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya yaye tsohon zanen gadon da yake lulluɓe kwamfutarsa da shi, sannan ya ɗaga wa mai shayi hannu. Shekara goma sha bakwai ke nan yana gyaran hoto a wurin. Da can ɗakin duhu yake shiga da ruwan wanke hoto. Kwamfutar ba ta fi shekara uku a shagon ba, kuma da furfurarsa ya zauna ya koye ta. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya ce ya gaji. Ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba.

Bari in fara da aibinsa, kada a ce ya saye ni da shayi. Mutumin nan yana da nawa. Ka kawo masa hoto kana sauri, motar ofis tana jiranka, ka ce, "Malam, yanko mini kaina kawai," sai ya dube ka ta saman tabarau kamar ka ce ya yi sata. Shi a wurinsa yanka ne aikin ƙarshe. Da farko zai kwafe hoton cikin kwamfuta gaba ɗayansa, gefe zuwa gefe, ya ajiye wannan kwafin ba ya taɓa shi. A kan na biyu yake aiki: ya daidaita haske, ya share tabo, ya miƙe abin da ya karkace. Sai ya gama duk wannan zai juyo ya tambaye ka, "Ina za a kai shi?" Domin yankan fasfo daban, na firam daban, na kalanda daban. Sau nawa na yi masa tsaki a kan wannan tambayar, Allah ya yafe mini.

Direbobin tasha sun san halinsa. Ɗanladi, mai jigilar Kaduna zuwa Katsina, ya taɓa shigowa yana huci da hoton da suka ɗauka da amininsa Garba a gaban mota.

"Malam, cire mini wannan ɗan rainin wayon. Ko inuwarsa ba na son gani!"

Malam ya cire shi, ya ba Ɗanladi hotonsa shi kaɗai. Bayan wata biyu sai ga shi ya dawo yana sosa ƙeya, wai sun shirya, ko akwai yadda za a yi. Malam bai ko yi murmushi ba, ya buɗe kwafin farko, ga Garba nan tsaye da hularsa. Har yau in an tuna wa Ɗanladi sai ya ce, "Ai tsohon nan ya fi ni sanin zuciyata."

Nawa labarin ba na dariya ba ne. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, Inna Kaltume, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda matan dā suke riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. Hoto kuwa, da ta hango mai kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ta rasu a 1994 ba mu da hotonta ko ɗaya. 'Ya'yana ƙanana sukan tambaye ni kamanninta, in yi ta kame-kame, har na fara tsoron ni ma fuskar tana gushe mini. Akwai kuma wani abu da na daɗe ina ɓoyewa. Ranar da na gama kwaleji a 1983, duk gidanmu an fito ƙofar zaure an ɗauki hoto da ni, ita ba ta fito ba. Na san al'ada ce. Sanin bai hana abin ya yi mini ciwo ba.

Bara ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta nemi kowa ya kawo hoton ƙuruciya don kalanda. Na tono wancan hoton a ƙasan akwati, danshi ya ci gefensa na hagu, wajen da bakin zaure yake, baƙi ƙirin. Na kai wa Malam. Da na ga ya fara goge tabarau, sai na ɗauki almakashin da ke kan teburinsa.

"Bari in rage maka aiki, Malam. In datse ruɓaɓɓen gefen nan, ka kwafi sauran."

Ya riƙe mini hannu. Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba.

"Ajiye, Abdurrahim. Abin da almakashi ya cire, babu kwamfutar da za ta dawo da shi."

"Duhun zaure ne fa kawai. Me za a yi da duhu?"

"In duhun ne kaɗai, yanzu za mu gani. Zauna."

Na zauna ina duba agogo. Ya kwafe hoton har da gefen da ya lalace, ya shiga ƙara haske a hankali. Baƙin nan ya fara sakin jiki. Keken Baba ya fito, jingine da bango. Tabarmar da aka naɗe ta fito. Sai na ga yatsu huɗu riƙe da bakin ƙofa, da awarwaro guda a wuyan hannu. Na san awarwaron. Malam ya ƙara haske kaɗan, sai ga Inna, ta leƙo daga cikin zaure, mayafi ya zame mata. Kowa a cikin hoton, kyamara yake kallo. Ita ni take kallo, tana murmushi har haƙoranta sun fito.

Ban san lokacin da na fara kuka ba, ni da gemuna. Malam ya miƙe ya ce zai je wajen mai shayi, alhali kofinsa a cike yake. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo, ya zauna, ya gyara tabarau.

"To, Abdurrahim. Yanzu ina za a kai shi?"

Na share hawayena. Ya yanka na kalanda, ni kaɗai, yadda aka nema. Sannan ya koma kan cikakken hoton ya ja layi ta wani wajen. Ya fitar da baffannina, ya fitar da maƙwabta, ya bar mutum biyu: ni a gaba da takardata, ita a bayana.

Malam Ja'afaru, kai ne mai haƙurin da ya fi gaggawarmu amfani. Kai ne ka jure tsakinmu shekara da shekaru ba ka canja tsarin aikinka don ka burge mai sauri ba. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba ka da lambar yabo a bango, amma gidaje nawa ne a Kawo da Malali da Rigasa suke rataye da fuskokin da ka hana a zubar? Mun gode, gwanin gwanaye. Allah ya ƙara wa idanunka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu tasowa da kuke buɗe shagunan kwamfuta a kowane lungu, ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare, ku ga yadda yake yi. Ku ajiye na asali, ku haska kowane gefe, ku tambayi mai hoto inda za a kai shi, sannan ku yanka. Ni da na riga shi da daƙiƙa biyu, da na datse uwata da hannuna na jefa a kwandon shara, in ci gaba da cewa ba ta fito ba.