Rijiyar Rini da Ba Ta Mutu Ba

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Mu kaɗan muka haɗa ƙungiyar sa kai don raya sana'o'in da ke neman ɓacewa. Babu ofis, babu mai biyanmu. Waɗanda ba sa fashi mu uku ne: ni, da wani tsohon direban babbar mota, da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Ita ce ta ji labarin wani tsohon karofi a Argungu, wurin da ake rini a da, wanda yashi ya cinye.

Muka riƙa zuwa duk Asabar da shebur da kwanduna. Marini ɗaya ya rage a unguwar, tsoho ne tukuf, har lokacin faratansa shuɗi ne. Yakan zauna a inuwar katanga yana nuna mana bakin kowace rijiya da sandarsa. Duk wadda muka yashe sai mu tarar da ita a bushe, ta tsattsage, cike da ƙasa da fasassun tukwane.

Akwai ɗaya a gefe da aka rufe da faifan dutse, aka liƙe da laka. Tsohon ya ce, "Wagga ku bar ta."

"Don mi, Baba?" in ji direban.

Tsohon ya juya ya nuna mana wata rijiyar da sandarsa. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, mu kuma muka ce sai mun ƙarasa kwandon da ke gabanmu. Direban mutum ne mai taurin kai. Kafin in hana shi ya sa bakin shebur ya ɗaga dutsen.

Warin ne ya fara bugunmu, warin shuni mai ƙarfi. Muka leƙa. Rijiyar cike take har kusa da baki, ga kumfa a sama tana sheƙi kamar jan ƙarfe. Tsohon ya sha gaya mana cewa ruwan rini in ya kwana biyu ba a motsa shi ba mutuwa yake yi.

Muna tsaye a haka ya dawo. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa a hankali, ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana.

"Rai gare shi," ya ce. "Rijiyar yayana ce. Ranar da munka kai shi makwanci, ni na liƙe ta da hannuna. Ɗiyata ta fari tana goye lokacin, yanzu jikoki gare ta."

Mai atamfar ta kwance farin ƙyallen da take share zufa da shi. "Baba, a gwada?"

Ya karɓa ya tsoma. Ƙyallen ya fito kore, yana shan iska yana juyewa a gaban idonmu, har ya koma shuɗi mai duhu irin wanda ban taɓa gani a kasuwa ba. Ya miƙa mata ba tare da ya dube shi ba, ya ce a mayar da dutsen. Direban da kansa ya kwaɓa laka ya liƙe.

Daga ranar tsohon ya yarda ya koya mana sosai. Muka gyara rijiya biyu, muka haɗa ganye da toka yadda ya nuna. Sau biyu ruwan yana lalacewa, a karo na uku ya kama, har wasu magidanta na unguwar suka zo koyo.

Wata Asabar na riga kowa isowa. Na tarar da wata tsohuwar muciya, doguwar sandar motsa rini, jingine kusa da rufaffiyar rijiyar. Ba tamu ba ce. Ƙarshenta jiƙe yake, yana ɗiga shuɗi a ƙasa. Na duba lakar, ko tsagewa ba ta yi ba.

Da na gaya wa tsohon, sai ya gyaɗa kai kawai. "Malam, in ka zo da sahe, ka riƙa yin sallama."

Na riƙa yi. Amma ina yi nake wucewa wajen aikina da sauri, ban taɓa tsayawa jiran amsa ba.