Wasiƙar da ban rubuta wa mai ɗakina ba

Shekarun baya, shekarar da fara ta sauka a gonaki ta cinye gero tun yana tsaye, na bi samarin ƙauyenmu na kusa da Gangara muka tafi cirani Legas. Lokacin wayar hannu ba ta iso mu ba. Da yake ni ne mai Ajami a cikinmu, duk mai saƙo zuwa gida wurina yake zuwa. Mutum ya ce, "Malam, ka ce mata ina lafiya," ni kuma in ƙara gishiri: ina tuna furarki, ina ganin fuskarki a mafarki.

Shekara biyu na yi. Ranar da na dawo na iske ɗaki a rufe. Mai ɗakina ta koma gidan mahaifinta a Cadawa, ta kai ƙarata gidan shari'a na Agye, tana neman a raba aurenmu.

Abokina ya ce in je Maraɗi in ɗauko lauya. Na yi dariya. Ni da na sauke littattafai? Na zauna na cika takarda bakwai da hujjoji, kowace da hukuncinta.

Ranar zama, alƙali da malamin da ke ba shi shawara kan al'ada suka ba ni dama. Na miƙe na karanta: hatsi na aiko, atamfa na aiko, ko rufin ɗaki na sa an gyara. Har na ƙare ina jin kaina wani babban masani.

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ce bai ciyar da ni ba. A tambaye shi, wa ke karanta wa matan ƙauyenmu wasiƙa?"

Ashe na manta ɗiyar malamai ce, ita kaɗai ke karatun Ajami a cikin matan.

"Shekara biyu," in ji ta, "direba na kawo takardu, mata na kawo mini. Hannunsa nake gani. Da bakina nake gaya wa maƙwabciyata ana ganin fuskarta a mafarki. Ni kuwa sai buhu ya iso, ko sallama babu a jikinsa. Tunkiya ce ni, da za a turo mini dusa?"

Tafintan alƙali ya kasa juya masa maganar don dariya. Malamin ya dube ni ya ce, "To Malam, a takarda ta nawa ka amsa wannan?"

Na duba bakwai ɗin nan, na naɗe su na sa aljihu. Na ce, "Gaskiyarta ce. Amma ina roƙon kada a raba."

Alƙali ya ba mu wata guda mu nemi sulhu.

Na rubuta wa mazan mutane wasiƙu ba adadi, amma wadda na zauna rubuta wa mai ɗakina ta ci mini kwana uku. Yanzu na gane dalili: faɗin ƙaunar wani ba kunya, taka ce mai nauyi a harshe. Allah Ya sa aure ya zama natsuwa da jinƙai, ni na ɗauka awo ne kawai.

Ranar kasuwar Cadawa na kai da kaina, na tsaya a zaure kamar baƙo. Ta karanta a bayan zana, ta daɗe. Sannan na ji muryarta:

"Layi biyar, Malam? Na matan mutane har bayan takarda kake cikawa."

Na ce, "Waɗancan ƙari nake yi. Wannan babu ƙari."

Sai ta ce, "To, ka biya. Shigo ka gai da Baba, ka ɗaukar mini kwallar kayana."