Jamus a Bakina

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara nasu-ya-nasu ba, muna zaune a Lafia, can wajen Bukan Sidi, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa. Ina ɗan firamare, kuma ina riƙe da babban muƙami a gidanmu: ni ne mai lasar tukunyar Kaka. Kakata, mahaifiyar babana, sana'arta kantun riɗi. Takan soya riɗi, ta narka masa mazarƙwaila, ta yanka gunduwa-gunduwa, irin kantun nan da in ka ciza sai ya riƙe haƙori ya ƙi saki. Duk abin da ya maƙale a gindin tukunya nawa ne, kuma ban taɓa wasa da aikina ba.

Ana haka wani matauni na ƙasa, can ciki ta hagu, ya fara yi mini tsiya. Da farko sai in na sha ruwan randa yake tsira mini allura. Daga baya harshena ya gano rami a tsakiyarsa. Kaka ta jawo ni bakin ƙofa inda akwai haske, ta ce in hangame, ta leƙa.

Ita Gwandara ce, kuma Hausarta ba ta san mace ba, kowa da komai "shi" ne. Ta ce, "Tsutsa ne. Yunwa yake ji, shi ya sa yake cin haƙori. A ba shi abinci ya ƙoshi, zai bar haƙorin yaro."

Maganin da ta yanke shi ne, kullum kafin in kwanta ta gutsuro kantu ta cusa a ramin da yatsa, ta ce kada in kuskure baki, rabon tsutsa ne. Jama'a, tun da aka fara jinya a duniya ban ji majinyacin da ya bi umarni kamar ni ba. In ta manta ni ke tuna mata. Wata rana ma na ce mata ina jin kamar tsutsar ta haihu, sai a ƙara yawan abincin. Mahaifiyata hankalinta bai kwanta ba, amma surukarta ce, iyakarta ta ce, "Iya, anya kuwa?" Kaka ta ce ita da ta raini maza har suka yi gemu ba za a koya mata tsutsa ba.

Ba a daɗe ba na wayi gari kumatuna ya yi suntum, kamar na ɓoye mangwaro a ciki. Ko kunu ba ya wucewa sai da kuka. A ranar mahaifiyata ba ta nemi izinin kowa ba, ta ja hannuna zuwa ɗakin shan magani. Kaka ta yafa zane ta biyo mu, don kada a yi wa tsutsarta sharri a bayan idonta.

Malamin asibitin mutumin Binuwai ne, Hausarsa rabi Turanci. Ya sa ɗan tsinke ya kankaro wani farin datti mai danƙo daga gindin haƙorana, ya kai wa Kaka dab da hanci.

"Mama, ba tsutsa ba ne. Kin ga wannan farin abu? Jams ne a ciki, cike maƙil."

Da Turancinsa ƙwayoyin cuta yake nufi. Kaka kuwa abin da ya shiga kunnenta daban. Ta dafe ƙirji.

"Jamus? A bakin jikana? Ba an ce an gama da su ba?"

Sai na yi muku bayani a nan. Ƙanin babana soja ne, ya tafi yaƙin duniya ya yi shekaru babu labarinsa, Kaka ta yi kuka har idonta ya fara lalacewa, sannan ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Shi a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ya yi yaƙinsa, bai taɓa sa Bajamushe a ido ba, amma a wajen Kaka duk wanda ya harba bindiga a yaƙin nan Jamus ne, kuma ba ta yafe musu ba.

Malam ya yi ta ƙoƙarin gyarawa. Ya ce ba mutane ba ne, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Kaka ta ce ai dama an ce sun iya ɓuya. Ya ce suna manne wa haƙori su yi gida a cikin wannan dattin. Ta ce wato har sun kafa bariki. Da ya ga Jamus sun fi tsutsa kama hankalinta, sai ya daina gardama ya bi ta haka.

"To Mama, su Jamus ɗin nan, suga ne abincinsu. In yaro ya ci zaƙi bai wanke baki ba, su ci su ƙoshi, su yi fitsari mai tsami a kan haƙori. Tsamin ne yake huda shi. Me yaron yake ci haka?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa maganar fitsarin ce ta tsaya mini a rai. Kaka ta kalli yatsanta, sannan ta ce a hankali, "Ni nake ba su abinci. Kullum."

Malam ya ba mu magani, ya ce a jira kumburi ya sauka. Ya ƙara da cewa wannan ba haƙorin nono ba ne, babba ne, in ya fita ya fita ke nan. In ciwon ya lafa zai gwada barin sa, in ya dawo sai cirewa.

Muna isa gida Kaka ta aika a kira baffana, sojan nan. Ya saurari labarin da kunnensa mai ji, ya danne dariya da ƙyar, sannan ya ƙame ya ce, "Iya, abokin gaba in ya yi rami ba a bin sa ciki. Hanyar abinci ake yanke masa, kuma a hana shi sakat."

Daga ranar aka sauke ni daga muƙamina. Tukunya ta koma hannun awaki. Kowace safiya baffa ya jera mu yaran gida a tsakar gida, kowa da asuwaki, ya ba da oda kamar a fareti: sama, ƙasa, ciki, waje, tofar! Bayan cin tuwo a sake. Daga nan ruwan gishiri mai ɗumi, a kuskure har sai ya ce a tsaya. Kaka kuma tana da nata ɓangaren yaƙin. Takan sa in hangame, ta kara bakinta kusa da nawa, ta zazzaga wa Jamus zagi da Gwandaranci, don ta ce Hausa ba ta isa ta ɗauki abin da take son faɗa musu ba. Maƙwabta har leƙowa suke ta katanga.

Mun yi yaƙi iyakar ƙarfinmu, amma mun makara. Kumburi ya sauka, ciwo ya dawo, Malam ya sa wani awartaki ya cire haƙorin. Ihun da na yi ina jin har can garin Ashige an ji shi. Kaka ta karɓi haƙorin ta ƙulle a bakin zaninta. Da muka koma gida ta jefa shi kan jinka, yadda ake yi da haƙorin nono, ta ce in rufe bakina kada ƙadangare ya ga giɓin, wani zai tsiro. Mahaifiyata ta tuna mata abin da Malam ya ce. Kaka ta ce Malam ya san Jamus, amma bai san haƙori ba.

Ba ta daina kantu ba, don sana'arta ce. Sai dai daga lokacin duk yaron da ya saya sai ta haɗa masa da guntun asuwaki da gargaɗi a kan Jamus. Ni kuma duk bayan ɗan lokaci ta kira ni bakin ƙofa: "Buɗe mu gani. Ya fito?" In ce bai fito ba. Ta ce lallai na yi hamma a gaban ƙadangare. Haka muka yi ta yi har na shiga makarantar kwana, in na zo hutu kafin ta tambayi karatu sai ta tambayi haƙori. Ina yi mata dariya, ina ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

A ciwonta na ƙarshe idonta ya riga ya rufe. Na zauna a bakin gadonta, ta laluba fuskata ta tsaya a kumatun hagu. Ta ce, "Ya fito?" Muryarta ce ta sanar da ni cewa duk shekarun nan ba haƙori take jira ba, so take a ce ɓarnar da yatsanta ya yi ta gyaru. Na ce, "Ya fara leƙowa, Kaka." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi. To rufe baki."

Yanzu jikata likitar haƙori ce. Ita ta bayyana mini cewa miyau kan bar wani siririn yauƙi na furotin a kan haƙori, a nan ƙwayoyin cutar suke samun wurin kamawa su taru, su juya zaƙi ya zama tsami. Na ce mata wannan ai tun ina yaro na sani, bariki ake ce masa. Ta duba bakina ta yi mamakin yadda sauran haƙoran suke nan daram a shekaruna, na ce aikin fareti ne. Abin da na koya shi ne in yaro ya ci zaƙi a bi shi da asuwaki, kuma mai ƙaunarka ma yana iya ciyar da abokin gabarka da hannunsa bai sani ba. Ban taɓa jin haushin Kaka ba, kewarta nake ji, musamman in harshena ya faɗa giɓin nan.

Jikar tawa ta ce in bari ta dasa mini na roba, ba zai ɗauki lokaci ba. Na ce mata a bar wurin, da mai shi. Na riga na faɗa wa Kaka ya fara leƙowa.